Maganar da Baba Ɗanliti Ya Yi a Filin Ƙwallo

Kafin in ankara Baba Ɗanliti ya ɗaga igiyar da aka kewaye fili da ita ya kutsa, ya nufi rumfar manyan baƙi yana dogara sandarsa. Na bi shi ina kira, amma hayaniyar jama'a ta danne muryata. An tafi hutun rabin lokaci ne a wasan ƙarshe na kofin kaka, tsakanin ƙungiyar garinmu Unguwar Marke da ta Tudun Kanya, kuma tuni an zura mana ƙwallo biyu. Mai gabatarwa ya ga dattijo da farin gemu ya miƙo hannu, ya zaci addu'a zai yi, sai ya miƙa masa abin magana.

Ni maƙwabcinsa ne, katangarmu ɗaya, gonakinmu ma iyaka ɗaya, kuma ni na goyo shi a babur zuwa wurin. Na san abin da ke cinsa. Baba Ɗanliti yana cikin samarin da suka share filin ƙwallon garinmu da fartanya tun ba a haife ni ba. Shi ne gola, amininsa Abdulkabir shi ne ɗan gaba. Da gwiwa ta hana shi wasa sai ya koma mai ɗebo toka daga murhun matarsa Inna Maijidda yana shata layin fili. Ko ana tsaka da sussukar gero, in Marke na da wasa zai ajiye ya tafi. Ba ya sa tufa mai launin rawaya don shi ne launin Kanya, ba ya cin kasuwarsu duk da tana kusa, gara ya hau mota ya tafi Ɗanbatta. Mukan yi masa dariya, shi ma yakan taya mu.

Babban baƙon ranar kuwa Mudassir ne, mawaƙin da babu gidan biki ko wayar saurayi da ba ka jin muryarsa. Ɗan Abdulkabir ne. Uban ya rasu yana ƙarami, uwarsa Aina'u ta koma da shi gidan iyayenta a Tudun Kanya, can ya girma. A shekarar nan ya saya wa 'yan wasan Kanya riguna da takalma, ya kuma faɗa a gidan rediyo cewa shi ɗan Kanya ne a ƙwallo har ya koma ga Allah. Teburin mai shayin garinmu ya kwana biyu bai da wata hira sai wannan. Wasu suka ce mutum garin ubansa yake bi, wasu suka ce inda ya ci tuwo ya girma. Wani malamin firamare ya ce wanda ya yi suna bai kamata ya ɗauki ɓangare ba tunda kowa na sauraronsa. Baba Ɗanliti bai cika sa baki ba, sai dai ya tashi ya bar shayinsa a kofi.

Da ya karɓi abin maganar bai yi sallama ba. Ya juya ya dubi Mudassir, wanda ke zaune kusa da wakilin hakimi da rigar Kanya a jikinsa.

"Ni na san Abdulkabir," in ji shi, muryarsa na fita ta kowace lasifika. "Da shi muka share filin Marke. Jininsa ba zai sa rawaya ba. Wanda ya sa kuwa, sai a koma a tambayi uwarsa ɗan wane ne."

Na ga wayoyi a sama ta ko'ina. Samarin da suka rako Mudassir suka miƙe, ya ɗaga musu hannu suka tsaya. Ya cire tabarau, ya sauko daga rumfar, ya zo gaban Baba Ɗanliti ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da yamma, Baba. Allah ya huci zuciyarka."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na zare abin maganar daga hannun tsohon, na ja shi muka fita ta bayan rumfa, ledojin ruwa na sauka a bayanmu daga ɓangaren Kanya. Ban iya ɗaga kai na dubi kowa ba, ji nake kamar daga bakina maganar ta fito. Ba mu ga ragowar wasan ba. Mun yi nisa a hanya, tsakanin gonakin da aka gama girbe, sai na ji ya matse mini kafaɗa ya ce, "Sabiru, me na ce?" Na ce masa ya fi ni sani.

Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye ko'ina, har ɗan'uwana da ke aiki a kasuwar Dawanau ya kira yana tambayata ko da gaske tsohon nan maƙwabcinmu ne. Yara suka mayar da maganar abin wasa, in sun yi faɗa sai ka ji ɗaya ya ce a tambayi uwarsa. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan ƙazafi, bai kama suna ba, amma babu wanda bai gane ba. Baba Ɗanliti da ya saba sahun gaba ya koma na ƙarshe, kuma da an sallame zai zari takalmansa kafin a fara gaisawa. Ya daina zuwa teburin shayi. Inna Maijidda ta gaya wa matata cewa kwanon tuwo yadda ta kai haka take ɗaukowa.

Wata rana 'yan wasanmu suka zo gaishe shi. Ɗaya daga cikinsu, don ya faranta masa, ya ce ai ya burge su, ya gaya wa Mudassir gaskiya. Ina jiyo su ta katanga. Tsohon ya ce su tashi su ba shi wuri, da wata murya da ban san shi da ita ba. Da suka fita na leƙa, na tarar da shi zaune a kan buzu ya rufe fuska da hularsa.

Sai da aka shiga bazara sannan ya aiko a kira ni. Ya rame ƙwarai, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce in kai shi Tudun Kanya wurin Aina'u. Na ce ko mu fara aika wani ya share hanya, ya ce ba aike ya yi ba ranar da ya yi maganar.

Muka tafi da hantsi. Tun daga bakin gari aka gane shi. Masu faci suka bar aiki suna kallonmu, wasu yara suka biyo babur suna maimaita maganarsa da irin muryarsa. A ƙofar gidan, yayan Aina'u ya fito, ya amsa sallamarmu a daƙile, ya shimfiɗa tabarma a zaure. Baba Ɗanliti ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa. Mun daɗe muna jira kafin muka ji motsinta a bayan ƙyauren cikin gida. Ba ta fito ba.

Ya ce ya zo ne ya roƙe ta gafara. Ya ce abin da ya faɗa ƙarya ne, ya san ƙarya ne tun yana faɗa, bai taɓa sanin komai a kanta ba sai alheri, kuma a shirye yake ya tsaya a kasuwar garin ya maimaita haka.

"Malam Ɗanliti," in ji ta, "tun ranar ban je biki ba, ban je suna ba. Ga ni da jikoki, ina jin nauyin haɗa ido da surukata. Amma ni nawa na yafe, don ni ma ina so Allah ya yafe mini. Sai dai maganar ba ni kaɗai ta taɓa ba. Ta taɓa wanda ke kwance a maƙabartarku, kai ka sa shi a rami da hannunka. Wannan ba ni da ikon yafe maka shi."

Ya ce haka ne. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, sai da ni da yayanta muka kama shi. Mutumin ya rako mu har bakin babur, ya ce wa yaran da suka taru su watse.

A hanyar dawowa ya ce in tsaya a maƙabarta. Muka shiga muna ratsa busasshiyar ciyawa, yana duba nan yana duba can. Ya ce a da akwai wata aduwa kusa da kabarin, to an sare ta. Damina bayan damina ta baje tsofaffin kaburbura, an yi sababbi a tsakaninsu. Ya tsaya a wani wuri, ya matsa gaba, ya dawo. Daga ƙarshe ya ce mini bai gane ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga duk wanda ke wurin, hawaye na bin gemunsa, ni kuwa na juya ina kallon hanya.

Ba a yi mako biyu ba ya faɗi a bakin rijiyar gidansa. Muka kai shi asibiti a Ɗanbatta, aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Bayan 'yan kwanaki suka sallame mu da magunguna. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakin zaure inda iska ta fi shiga. Maganarsa ta yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kake ganewa.

Wata Laraba bayan la'asar wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidana. Mudassir ne, shi kaɗai, da jallabiya da silifas. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ce ya zo. Na shiga da shi gidan tsohon. Baba Ɗanliti na ganinsa ya juya fuska bango. Mudassir ya zauna a ƙasa kusa da katifar, ya gaishe shi, ya yi masa sannu. Da kyar tsohon ya juyo ya fara neman kalmar gafara, Mudassir ya ce ai wannan ta wuce, kada ya wahalar da kansa. Sai ya ce shi ma akwai abin da ya zo nema.

"Baba, yaya mahaifina yake wasa? Ban taɓa samun wanda ya gan shi a fili ya ba ni labari ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Na san abin da yake lissafawa, domin tsakanin garinmu da Tudun Kanya tafiyar ƙafa ce, kuma yaron can ya girma, amma shi aminin uban bai taɓa zuwa ya ba shi labarin ba. Sannan ya fara magana a hankali, ni ina fassara inda harshen ya sarƙe. Ya ce Abdulkabir bahago ne, ba ya son takalmi, da ƙafa yake wasa ko a kan tsakuwa. Ya ce in ya ci ƙwallo ba ya murna, sai ya sunkuyar da kai ya koma tsakiya kamar wanda ya yi laifi. Ya ce akwai ranar da ya ɓarar da fenariti ya ƙi shiga gari sai da duhu ya yi. Mudassir ya yi dariya yana share ido da bayan hannu. Inna Maijidda ta turo kwanon fura, aka manta da shi a gefe.

Da hirar ta lafa, Baba Ɗanliti ya kamo hannunsa da hannun da ke motsi.

"Amma dai Marke ya kamata ka bi," in ji shi.

"Ba zan iya ba, Baba. Su suka riƙe ni."

Tsohon ya lumshe ido. Can ya ce, "Haka ne. Da ka canza ma da na raina ka."

Bayan tafiyar Mudassir ya ce mini in gaya wa yaran ƙungiya kada wanda ya ƙara ambaton maganar da sunan yabo, ko bayan ransa. Na ce zan faɗa. Daga ranar bai ƙara doguwar magana ba. Ya rasu da safiyar Asabar, bayan Inna Maijidda ta ba shi kunu ya sha kaɗan ya ce ya isa. Ina ɗaure akuyata na ji salatinta ta katanga.

An yi jana'iza kafin azahar. Mutanen Tudun Kanya sun zo a babura da ƙafa, har da 'yan wasansu, suka shiga sahu inda suka samu wuri. Ban ga isowar Mudassir ba, sai a maƙabarta na hango shi cikin masu kwaɓa ƙasar da za a liƙe itacen kabari. Ya naɗe wando zuwa gwiwa yana taka taɓo da ƙafa, ana zuba masa ruwa daga jarka. Wani yaro ya ɗaga waya, wani dattijon Kanya ya sauke masa hannu.

Da aka shafa fatiha jama'a suka fara watsewa. Ni na tsaya tattara fartanyu da kwanonin da aka aro. Da na fito bakin hanya na tarar da Mudassir zaune a kan wani kututture, golan ƙungiyarmu na tsugune a gabansa da buta, yana tsiyaya masa ruwa a hankali yana wanke taɓon daga ƙafarsa.