Hannun Mai Wanki a Rumfar Zaɓe

…ja kuma. Jar wuta. Na'urar tantance yatsa ta sake yin ƙarar nan tata kamar mai tsaki, babban yatsanta kuwa yana nan manne a kan ɗan gilashin. Ma'aikaciyar zaɓen ta ce, "Mama, goge shi a zaninki ki sake ɗorawa." Tana gogewa. Me za a goge? Yatsa ne sumul kamar bayan cokali — sabulu ya cinye zanen, bilic ya lashe saura. Shekara da shekaru tana wanke kayan mutane, ashe har da kanta take wankewa.

Ajin makaranta ne, an tura bencina jikin bango. Layin maza ya fita ƙofa har ya sha kwana. Na mata… wannan ma layi ne? Ita, sai wata tsohuwa mai sanda, sai mai cikin da ta jingina da taga tana haki. Ina matan unguwa? Ina masu ihun murna ranar da sojoji suka sauka? Maƙwabciyarta mai kitso, da safe, ko ɗagowa ba ta yi ba: "Ke dai kin so wahala. Direba aka canja, motar tana nan." Kuma fa ba ƙarya ta yi ba. Wa zai gaya wa mai wanki? Bara kaki suke aiko mata, bana kwat da farar riga — wuyan rigar ɗaya, warin hammatar ɗaya, mai ɗiga miya a ƙirji ma bai daina ba.

To me ya fito da ita? Ta bar farare jiƙe a baho, in suka wuce la'asar wari za su yi…

Aku ce. Ke kika fito da ni, Aku.

Ƙanwarta. Uwarsu ce ta laƙaba mata sunan don bakinta ba ya hutu. Malamar makaranta, alli har a gira, ga ta nan zaune a kan bokitin da aka kife tana cika mata kunne: "Yaya, mace ba ta tafiya sai namiji ya sa hannu, ba ta buɗe shago sai namiji ya sa hannu, amma wajen karɓar haraji ba a neman hannun kowa! Wata rana da hannunki za ki zaɓi mai mulki." Da hannuna zan wanke masa wando dai. Dariya, har da buga cinya. "Yi mini alkawari, in ranar ta zo, ko ba na kusa za ki je." Na ji, na yi, tashi mini daga kan bokiti. Wallahi bokitin take so. Wa ya san alkawarin da aka yi don bokiti yana kama mutum haka?

Ja. Ɗaya hannun — ja. Manuni, na tsakiya, na kusa da shi, duk ja. Daga layin maza wani ya ce, "A sallame ta mana, rana na yi." Wani ya ja tsaki: "Mata ke nan." Kunya ta hau mata wuya kamar tururin dutsen guga. Haba! Gwamnatin da ta wuce ta ce ba ta isa ba, wannan kuma ta ce ba ta ma gan ta ba? Ga katinta a hannu, ga hotonta, ga ta ita kanta da warin sabulunta. Ma'aikaciyar ta dubi agogon bango. "Mama, an kusa rufewa. In na'urar ba ta karɓa ba, ba yadda zan yi."

Rufewa… ƙofar motar. Ba ta cikin masu zanga-zangar, ina ita ina zanga-zanga — gugaggun kaya ne a kanta za ta kai barikin, sai ga mata sun cika titi da kwalaye, sai gudu, sai takalma warwatse, sai ga Aku ana tura ta bayan motar sojoji, bakin nan bai daina ba, tana ta zuba. Kayan suka zube. Ta riƙo wuyan hannun Aku. Ta riƙe, Allah ya sani ta riƙe — aka bugo ƙofa a kan yatsanta. Ƙas! Ba ta ma ji zafin ba sai da motar ta ɓace. Ta tsugunna ta tsince kakin daga ƙasa, ta koma gida ta sake wanke musu da hannu ɗaya. Da me za su ci in ba ta wanke ba?

Sabuwar gwamnati ta buɗe gidajen yari. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama fitowa, har mai gadi ya fara shara. Babu Aku. Wai an kafa kwamiti.

"Saura wannan. Buɗe hannun, Mama."

A'a. Ban da wannan. Ƙaramin yatsan, karkatacce, sandararre, tun ranar ba ya lanƙwasa. Ruwan sanyi na sa shi zugi, don haka in tana wanki a sama take ɗage shi, 'ya'yanta na tsokanarta wai tana wankin 'yan gayu. Cikin mutane dunƙule shi take. Ranar rajista ma sai da aka yi da gaske ta miƙa shi… Me zai yi wanda lafiyayyu suka kasa?

Ma'aikaciyar ta kama shi a hankali, sai da ta juya hannun gaba ɗaya kafin ya kwanta a gilashin. Zugi har gwiwar hannu. Shiru. Na'urar na tunani, ita ma wai tunani —

Kore.

"Yauwa! Ga ki nan, Mama."

Ga ta nan. Fuskarta a ɗan allon, da ɗankwalin bara. Tara ta yi musu aiki da su, duk sun goge. Wanda suka karya ne kaɗai ya tsira, shi ne yau ya ce ita mutum ce. Dariya za ta yi ko kuka? Ƙirjinta ya cika, ba ta san da wanne ba.

Takarda doguwa, lungu, labule. Da shi za ta dangwala, ba da wani ba, ta riga ta taɓa tawadar. Alamomi jere, fuskoki jere — wannan ai ta san wuyan rigarsa. Wannan ma. Ga mace can ƙasa, ita kaɗai, murmushinta kamar na dole… ta wa ce? Wa ya tsayar da ita? A waje ana cewa a rufe layi, tsohuwar nan na buga sanda, farare na can a baho. Ta yi alkawarin zuwa, ga shi ta zo. Amma duk surutun nan, shekara da shekaru a kan bokiti, ba ki taɓa gaya mini wa zan zaɓa ba. Tawadar na bushewa a kan yatsan.

Aku… yi magana mana.