Maraƙar Surukina

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola, surukina, Bafulatani mahaifin matata Zulaihatu, ya iso gidanmu a unguwar Demsawo da maraƙa guda a bayan a-kori-kura. Sauran garken ya baro su a daji. Ya samu gindin mangwaro ya zauna, ya ɗinke bakinsa. Ko sallama ba ya amsawa, abinci kuma yadda aka ajiye haka ake ɗaukewa. Tsoro ya kama ni, don tsoho yana ƙarewa muna kallo.

Ni malamin Turanci ne, kuma cutata ɗaya: ba na ganin abu ban tono asalin sunansa ba. Kunyar suruki ta hana ni zama kusa da shi, sai na buɗe aji a gaban maraƙar, ina ɗaga murya yadda zai ji, ko Allah zai sa ya tanka. Na sanar da ita cewa Turawa "calf" suke ce mata, tsohuwar kalma ce da suka yi tarayya da Jamusawa a kanta, wasu masana ma na ganin tushenta mahaifa ne. Ta saurare ni kamar 'yan aji ranar Juma'a, sannan ta tauna min gefen riga. Ban daddara ba, na mayar da kalmar sunanta.

Wata safiya ta tsinke igiya. Na bi ta da kwanon madara ina ƙwala mata sunan Turawa. Ta zagaya rijiya da ni, na zame a kashinta, na zauna daɓas, digiri da komai.

"Malam," in ji wata dusasshiyar murya a bayana. "Yana da suna."

Surukina ne, da Hausarsa ta Fulani. Bai dube ni ba, ya ce, "Wule," a hankali. Maraƙar ta juya ta je ta ɗora kai a cinyarsa.

"Sunan uwan shi ne," ya ce. "Wajenmu ɗan saniya sunan uwa yake ɗauka."

Daga nan ya kama lissafo su: Wule uwarta, Wule kakarta, har zuwa Wule ta farko wadda babansa ya ba shi ranar sunansa, sai sauran shanun, kowacce da inda ya yi mata ganin ƙarshe. Hawaye na bin gemunsa. Zulaihatu ta fito daga kicin ta tsaya, hannu a baki.

Wandona ya jiƙe, wari ya ishe ni, amma ban motsa daga inda na faɗi ba, don kada ya sake yin shiru.