Keken Malam Uwaisu Ba Ya Aruwa

A shekarar da kuɗin fetur ya tashi ya ƙi saukowa, Malam Uwaisu ya sayar da babur ɗinsa. Ba wani babur ne ya rage ba, aro ya riga ya cinye shi. Gidansu babban gida ne mai sassa da yawa a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, kuma a gidan abin hawa na wanda ya riga fitowa ne. Wannan ya kai taki gona, wancan ya tafi gaisuwar mutuwa, a dawo da shi ba mai, ba madubi, a ce Allah ya saka da alheri. Uban masu aron shi ne Baba Nababa, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Uwaisu bai taɓa ce masa a'a ba. Bai ma san ta inda ake fara ta ba.

Firamaren da yake koyarwa tana can wajen Makoda. Tun da babur ya tafi sai ya koma takawa, ya isa yara sun gaji da jira. Hedimasta ya kira shi ofis ya ce, "Malam, ina ganin girmanka. Amma ka ƙara makara zan rubuta sama. Masu neman aikin nan sun fi ɗalibanmu yawa."

Ran kasuwar Ɗanbatta ya sayi keke na gwanjo, irin na 'yan tsere. Siriri ne, tayoyinsa ba su fi kaurin yatsa ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ba kariyar ɗora kaya, ba ƙararrawa, ba fitila. Shi ya sa ya yi araha, manoma sun zagaye shi sun wuce. Uwaisu ya tura shi rumfar Tasi'u mai kayan keke da ɗan abin da ya rage masa a aljihu.

Tasi'u ya duba keken ya tafa hannu. "Malam, wa ya yi masa tsirara haka? Kawo shi mu suturta shi. Fara da kariya."

Uwaisu ya ɗaga kariyar ya juya ta. Mai ƙarfi ce. Nan take ya hango buhun geron Baba ɗaure a kanta, ya ajiye.

"To fitila."

Keke mai fitila ko bayan magariba ba ya hutawa. Ya girgiza kai.

"Kwaɗo fa? Ɓarayi sun yi yawa."

"Nawa ɓarayin sallama suke yi," in ji Uwaisu. "Su ce in kawo mukulli, in kawo da hannu biyu."

Tasi'u ya yi dariya ya miƙo madubi mai fure a jiki. Uwaisu ya ce ba abin da ya bari a baya da yake son gani. Ya zaɓi faci da sholisho, don hanyarsu duk ƙaya ce, da ɗan sifana guda. Kuɗinsa suka ƙare a nan.

Har ya juya, Tasi'u ya ce, "Da me za ka ba shi iska?"

"Famfo ai ko'ina akwai. Gidanmu ma akwai wani tsoho."

"Ba zai shiga ba. Dubi bakin nan." Ya nuna masa bawul ɗin tayar, siriri kamar tsinke. "Nasa daban ne. Guda ɗaya gare ni, ya shekara a nan ba wanda ya taya."

Suka gwada famfon rumfar, iska ta yi ta fita ta gefe. Suka gwada ɗayan, tayar ta ɗauka. Uwaisu ya tsaya yana lissafi a zuci. Keken da ba iska itace ne. A ɗaya aljihunsa kuwa akwai kuɗin da matarsa Sauda ta ba shi ya sayo mata gyaɗa, don sana'arta ke nan, mai da ƙuliƙuli. Ya yi istigfari, ya zaro su.

Da la'asar ya shiga gida. Sauda tana tsakar sashensu tana wanke kwalaben mai. Ta dubi keken, ta dubi hannunsa.

"Malam, ina gyaɗar?"

Ya miƙa mata famfon. Ya yi bayani mai tsawo, har da hedimasta, har da tsadar rayuwa. Ta karɓa, ta ja shi ta tura, famfon ya yi tsaki.

"Wannan za a matse a sami mai?"

"Ki yi haƙuri. Albashi na zuwa."

"Tun yaushe yake zuwa, ko shi ma a ƙafa yake? Bar shi kawai. Da kuɗina aka saya, ko?"

"Da naki."

"To nawa ne." Ta shiga ɗaki ta cusa shi bayan jeren kwanukanta.

Kafin magariba duk gidan ya zo ganin keke. Baba Nababa ya zagaye shi yana shafa gemu, ya danna sirdin, ya ce ya yi tauri amma mutum zai saba. Uwaisu ya ji kalmar nan, zai saba, ya san aro ya taso.

Washegari Litinin. Ya yi wanka, ya naɗe ƙafar wando, sai ya ji gyaran murya a ƙofar sashensu.

"Uwaisu, fito da abokin naka. Zan leƙa Shanono, an yi wa ɗan'uwanmu Sama'ilu haihuwa. Kafin azahar na dawo."

Shanono ba nan kusa ba ce, kuma azahar ɗin Baba takan kai kwana biyu. Uwaisu ya tuna fuskar hedimasta. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Ya je ya ɗauko keken inda ya jingine shi a bakin rumbu. Tayoyin biyu duk a kwance suke, ba ko numfashi. Ya tsuguna ya duba, ba ƙaya, ba tsaga. Ya waiga. Sauda tana bakin murhu tana hura wuta, ta ba su baya, ta ja mayafi ta rufe har goshi saboda surukinta na tsaye.

Baba ya koma sashensa ya ɗauko tsohon famfon gidan. Ya tattare babbar riga ya yi ta bugawa har gumi ya keto masa. Iska ta yi ta fita ta gefe tana fito.

"Wannan wane irin keke ne mai girman kai? Kawo naka."

"Ba ni da shi, Baba."

"Jiya na ga ka shigo da wani abu a hannu."

"Na Sauda ne. Da kuɗin gyaɗarta aka saya. Yana ɗakinta."

"To ka karɓo mana."

Sai a lokacin Uwaisu ya gane wanda ya sace iskar. Ya sunkuyar da kai don kada fuskarsa ta tona shi. "Kayan mace ne, Baba, kai ka koya mini ba a taɓa su. Amma bari in kira ta ka tambaye ta da kanka. Sauda!"

"Kai, kai, kai!" Baba ya ja da baya har ya taka famfonsa. "Ba ka da hankali? Ni zan tsaya in roƙi matar ɗana? A ji a gari?"

Tun da aka kawo Sauda gidan, gaisuwa ce kawai tsakaninta da shi, ita a durƙushe, shi yana kallon katanga. Ya kwashi famfonsa ya tafi yana faɗa da Turawan da suka ƙera keken.

Bai haƙura ba. Jim kaɗan sai ga matarsa, Inna Hure, ta shigo da sallama mai ƙarfi, yadda za a ji ta har zaure.

"'Yar nan, Babanku ya ce ki ba da aron abin iskar nan!"

Uwaisu ya ce a ransa shi ke nan, an gama da shi. Mace ba ta jin kunyar tambayar mace. Inna Hure ta matso kusa da murhu, ta rage murya.

"Kada ki kuskura ki bayar. Tsohon nan ko jaki ya hau sai na kwana ina gasa masa baya. Ya hau wannan tsinken, a kwando za a kawo mini shi."

Sauda ta ce, "Inna, ai na ma manta inda na sa shi."

"Madalla." Ta ɗaga murya ta nufi ƙofa. "Ta ce ta manta inda ta sa shi! Yaran yanzu!"

Suka jira har suka ji Baba ya fita bakin titi neman mota. Sannan Sauda ta shiga ɗaki ta fito da famfon, ta riƙe shi a bayanta.

"Kawo, na makara," in ji Uwaisu.

"Aro kake nema, Malam?"

"Sauda, don Allah."

"Kullum da yamma zan sauke iskar, kullum da safe ka zo ka tambaya. Da ladabi." Ta ɗauko ƙaramar jarkar man gyaɗa, ta riga ta ɗaure ta da tsumma yadda za a goya. "Akwai mai ƙosai a bakin makarantarku, Barira. Ka kai mata wannan."

"Keken ba shi da kariya."

"Kai kana da baya."

Ya isa makaranta ana kaɗa ƙararrawa, jarka na bugun kafaɗarsa. Hedimasta ya duba agogo, ya dube shi, ya ce, "Yau ka kyauta. Keken nan kuwa zai aru ran Asabar?"

"Sai ka tambayi mai ɗakina, ranka ya daɗe," in ji Uwaisu, ya wuce neman Barira.