Sunan da ke Gindin Tulu

Wata bakwai da rasuwar Nikanor, amma baƙaƙen tulunan da ke fitowa daga ramin gashin gidansa duk da sunansa a gindi. Matarsa Eustoliya ce ke rubutawa da tsinke, kamar yadda ta saba shekara talatin da ɗaya. Nikanor mutumin kirki ne. Ya iya haƙo yumɓu, ya san wuta, ya iya zance da baƙi, sai dai bai taɓa gina tulun da ya zauna daidai ba. Ita ke ginawa, shi ke amsa yabo, ba ta kuma taɓa tanka masa ba.

Ran Asabar ƙaninsa Fidensiyo, mai ɗauko baƙi daga birnin Wahaka yana zagawa da su gidajen magina, ya bar su a mota ya leƙo tsakar gida.

"Matar yaya, mutum takwas ne yau. In sun tambaya, tulunan nan cikin waɗanda marigayi ya bari ne."

"Waɗannan? Ran Talata na kwashe su daga wuta."

"To wa ya sani? Aikin mamaci ya fi daraja."

"Ashe yayanka ya fi ƙwazo a kabari. Tulu arba'in tun bikin Ista."

"Ke dai dama musu kunun masara, ki bar mini maganar."

Ta dama. Baƙi suka shigo suna shafa tuluna, suna ƙwanƙwasawa su ji amo. Wata malamar makaranta daga Puwebla ta ɗaga wani da aka huda masa furanni, rana na ratsa shi, ta tambayi yadda aka yi bangonsa ya yi siriri haka.

"Hannun yayana ke nan," in ji Fidensiyo. "Ko matarsa ba ya bari ta taɓa. Ita nata share gida ne da kai masa ruwa."

Eustoliya tana riƙe da kofuna a faranti. Ta tsaya. Ƙaryar farko ta daɗe da sabawa da ita, amma wannan sabuwa ce. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta yaye tsumman da ke kan yumɓu, ta gutsuro, ta durƙusa. Ta kife kasko, ta ɗora wani a kai, ta aza yumɓun a ciki, ta fara juyawa. Kafin kunun ya huce cikin tulu ya tashi, wuya ya fito, baki ya buɗe.

"Matar yaya, baƙi na jiran kunu."

"Ga shi nan kusa da ƙafarka, ka raba musu."

Ta ɗauki tsinke. Hannunta ya fara harafin farko na sunan mijinta da kansa. Ta shafe da babban yatsa, ta rubuta nata a gefen tulun, a hankali, don ba ta saba ba.

Ta dubi malamar. "Wancan da ke hannunki ma ni na gina, da duk na kan kantar nan. Mijina ya kula da wuta, Allah ya ji ƙansa, ba na rage masa."

Fidensiyo ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Kin kunyata gidanmu. Ba zan ƙara kawo miki kowa ba."

"Kada ka kawo. Amma ka tafi da kofunan nan cikin gida tukuna."

Biyu daga cikin baƙin suka mayar da abin da suka ɗauka, don sun zo ne neman aikin marigayi. Malamar ta sayi wanda ke hannunta.

Fidensiyo bai saɓa maganarsa ba. Kowace Asabar motarsa na wuce ƙofar gidan ba ta tsayawa, surukai ma suka daina gaishe ta a coci. Sai ta koma ɗaukar tuluna a kwando zuwa kasuwar Juma'a, ita da ƙanwarta Kresensiya. Wata rana su sayar da shida, wata rana su komo da kayansu cur. Kresensiya takan yi mitar ciwon baya tun daga tasha har gida, Eustoliya kuwa da sun sauke kwando sai ta jiƙa yumɓun mako mai zuwa.