Batirin da Zai Fito da Inna Zulai

Jiya ina kwanciya wani mafarki ya ɗauke ni, ya sauke ni a wata kasuwa inda ruwa ke tashi daga ƙasa yana komawa sama, mutane na tafiya da lema a ƙarƙashin ƙafa. Ban yi mamaki ba. Damuwata ɗaya ce: batirin kibod ɗin kwamfutata marar waya ya mutu.

A garin, duk wanda ya rasu ya bar ka, cikin kibod yake zama. Ka sa batir, ka buga sunansa, ya fito ku gaisa. Ni kuwa Innata Zulai nake son gani, wadda ta rasu ina makaranta a Zariya, ko jana'izarta ban samu ba.

Mai sayar da batir wata tunkiya ce da tabarau. Batir iri biyu gare ta. Ta ce na yarwa yakan kawo mutum garau, da muryarsa da ƙamshin girkinsa, amma in ya ƙare shi ke nan har abada. Mai caji kuwa kullum zai dawo da shi, sai dai kowace dawowa yana ƙara dusashewa.

Ni da ko hula ba na saye sai na zagaye kasuwa, na daɗe ina jujjuya su. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ɗauki mai caji, don gani ɗaya ba zai ishe ni ba.

Sai ga ni a tsakar gidanmu na Funtuwa. Na sa batir, na buga sunanta. Inna ta bayyana a bakin murhu tana gyara itace.

"Mudi, ka rame," ta ce. "Ka ci abinci kuwa?"

Kafin in amsa ta ɗauke. Tunkiyar ta leƙo ta katanga, ta ce ai sabon mai caji da ɗan guntun ƙarfi yake zuwa, sai an cika shi tukuna. Garin kuma babu wuta.

Na ruga kasuwa in sayo na yarwa, na tarar ruwa ya tafi da ita sama, har da rumfuna.

Na dawo na zauna a gindin soket da caja a hannu, kewa ta cika mini ƙirji. Ina ta maimaita amsar don kada in manta: na ci, Inna, na ƙoshi.

Gurnanin firij ne ya tashe ni. An kawo wuta.