Gwajin Birki

Bakanike ya taka totur, motar Likita ta miƙe a titi kamar kibiya. Gwaji yake yi. Wane bakaniken kirki ne zai miƙa mota bai gwada birki ba? Kuma birki ba ya faɗin gaskiya sai da nauyi a baya. Shi ya sa ya biya gida ya kwaso matarsa da surukarsa, wadda kullum take cewa babur ɗinsa ya girme ta.

Ya kunna sanyi, shi ma ai yana bukatar gwaji. Tsohuwa ta baje a baya tana shafa kujera, tana tambayar yaushe ya saya. Bai ce tasa ba ce, bai ce ba tasa ba ce. Shiru ai ba ƙarya ba ne. Da ta kira shi ɗana, karon farko tun aurensa, sai da kansa ya yi girma.

Matarsa ta raɗa masa cewa sun wuce kwanar gareji tuntuni, kuma da safe ta ji ya ce wa Likita motar sai gobe. Ya ce inji sai ya ɗau zafi, da Likita ya san gatan da ake yi wa motarsa, godiya zai yi. Ya maimaita, ya ji maganar ta zauna.

Danja ta tsayar da su gaban tashar bas. Wani mai farar riga na tsaye yana share gumi. Kafin Bakanike ya sunkuyar da kai, tsohuwa ta sauke gilashi.

"Shigo, bawan Allah, ɗana zai rage maka hanya. Ba shi da rowa."

Ashe Likita ne. Ya dubi lambar motar, ya dubi direba. Ya gaishe ta da ladabi, ya shiga. Har asibiti tana ba shi labarin arzikin surukinta, shi kuwa yana cewa madalla.

A bakin ƙofar asibiti Likita ya miƙo hannu.

"Makulli. Sauran aikin wani zai ƙarasa."

Suka tsaya su uku a rana, tsohuwa ta saki baki tana kallon motar tana shigewa.

"Dama na gaji da mutumin nan, ya cika ƙorafi," ya ce wa matarsa. "Kuma tafiyar ƙasa za ta taimaki gwiwar Mama."

Ya yi gaba da sauri, kafin wata ta amsa.