Mataimakiya Daga Zakka

Shekara goma sha ɗaya Alu yana sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta Batsari da Safana. Don haka da Alhaji Daudu, mai neman shugabancin ƙungiyar, ya aiko cewa zai zo gidansa a Wagini kan maganar mataimaki, Alu bai yi wata-wata ba ya sa aka yanka zakara. Har hular sallarsa ya ɗauko, bawan Allah.

Bayan an gaisa an tambayi gona da iyali, Alhaji ya shiga lissafi. Shi ɗan ƙasar Batsari ne, Alu ma haka, mutanen Safana kuwa ba za su yarda a haɗe kujeru biyu a gida ɗaya ba. Ga mata masu ƙuli-ƙuli sun kusa rabin ƙungiya. Abin da ake buƙata mace ce 'yar ƙasar Safana, kuma ga ta cikin gidan nan: Hansatu, matar Alu, haifaffiyar garin Zakka. Izininsa suka zo nema.

Alu ya yi murmushin dole, ya raka baƙi har bakin mota.

Ya tarar da Hansatu a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ji komai, don katangar zaurensu ba ta iya riƙe sirri. Ta ce ba za ta karɓa ba, kujerarsa ce, kowa ya sani. Ban da haka ma, ko takardunta ba su tambaya ba, ita da ta yi shekara ashirin tana koyarwa. Garin haihuwarta kawai suke so.

Alu ya san in ya yi shiru magana ta mutu, kuma ba mai zarginsa. Ransa ya so hakan ƙwarai. Ya zauna gefen tabarma yana taya ta ɓara, kishi na cinsa, kunyar kishin ma na cinsa.

Can ya ce, "Su dai, Zakka kawai suka gani. Ni kuwa na san wadda ke gyara mani kowace takarda kafin in kai taro."

"Malam, dariya fa za a yi maka."

"Za a yi, kuma zai yi mani zafi, ba zan ɓoye maki ba. Amma ki ƙi saboda ni, kullum in riƙa kallonki ina sane, wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Ki shirya, gobe ni zan kai ki Safana da kaina, ki gana da 'yan ƙungiya."